INJIN BABUR A JIRGIN SAMA: ABIN DA YA KAMATA MAƘERI YA SANI



Lokaci-lokaci akan ji labari a rediyo cewa wani saurayi a gari kaza ya tattara ƙarafa da kwanon rufi da tsohon inji ya ƙera jirgin sama a bayan gidansu. Jama'a su taru su yi kallo, a tayar da injin, fanka ta juya, ƙura ta turnuƙe, a yi tafi a watse. A shekarar 1925 ne jiragen sama uku na sojan Ingila da suka taso daga Masar suka sauka a Kano, kuma tun daga wannan lokaci sha'awar jirgi ba ta bar zukatan samarin ƙasar nan ba. A shekarar 2007 ma jaridun duniya sun buga labarin wani ɗalibin Jami'ar Bayero da ya harhaɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota ƙirar Honda.

Tambayar da makanikai suka fi yi ita ce: shin injin babur zai iya ɗaga jirgi? Amsa ita ce zai iya, kuma an yi haka fiye da shekara 100 da suka wuce. Amma ɗaga jirgi daga ƙasa shi ne ɓangare mafi sauƙi na aikin. Babur idan ya mutu a hanya, mai shi ya gangara gefen titi ya tura shi zuwa wajen bakanike. Sama kuwa ba ta da gefen titi. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin jawabin nan.

ASALIN ABIN

Masu gyaran keke da babur su ne suka raini jirgin sama tun yana jariri. 'Yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, waɗanda suka tashi da jirgi mai inji a Amurka ranar 17 ga Disamba 1903, sana'arsu ƙera kekuna ce. Injinsu mai ƙarfin doki 12 bakaniken shagonsu ne, Charlie Taylor, ya ƙera musu. Tashin farko daƙiƙa 12 ya ɗauka.

Har ila yau a Amurka akwai Glenn Curtiss, wanda ya fara da ƙera babura. A shekarar 1904 aka ɗaura injin babur ɗinsa a jikin wata babbar balan-balan mai ɗaukar mutum, ta yi shawagi ta dawo inda ta tashi. Daga nan ne Curtiss ya zama ɗaya daga cikin manyan masu ƙera jiragen sama na ƙasarsa.

A Faransa kuwa akwai Alessandro Anzani, mutumin Italiya, ɗan tseren babur kuma maƙerin injinansa. Injinsa mai silinda uku da ƙarfin doki 25, wanda aka samo tsarinsa daga na babur, shi ne ya ɗauki Louis Blériot ya ƙetare tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila ranar 25 ga Yuli 1909, cikin abin da ya ɗara rabin awa kaɗan. A wannan shekara dai wani Bature mai suna A. V. Roe ya tashi a Ingila da jirgi mai fukafukai hawa uku, da injin babur mai ƙarfin doki 9 kacal.

Dalilin da ya sa suka nufi injin babur a fili yake. Ba shi da nauyi, iska ce ke sanyaya shi, ba ya buƙatar lagireto da ruwa, ga araha, kuma kowane bakanike ya san cikinsa.

GASAR DA TA BUƊE WA MUTANE IDO

A shekarar 1923 aka shirya wata gasa a Lympne ta ƙasar Ingila domin a ga ko za a sami ƙaramin jirgin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya mallaka. An ƙayyade cewa girman injin kada ya wuce cc 750, saboda haka yawancin masu gasar injin babur suka sa. Jirage biyu suka yi kunnen doki wajen tsimin mai, kowanne ya yi tafiyar mil 87 da rabi, watau kimanin kilomita 140, da galan ɗaya na fetur. Ɗayansu, mai suna Wren, injinsa cc 398 ne.

Wannan abin burgewa ne, amma darasin da aka koya daban ne. Jiragen ba su da ragowar ƙarfi. Suna hawa sama da ƙyar, iska kaɗan ta juya su, injinan kuma suna yawan tsayawa saboda ana matsa musu fiye da abin da aka yi su dominsa. Akwai Wren guda ɗaya da ta rage a wani gidan adana tsofaffin jirage a Ingila, kuma idan za a tashe ta sai an ja ta da igiyar roba kamar gwafa kafin ta bar ƙasa. A shekarar da ta biyo aka ƙara girman injin da aka yarda da shi. Daga ƙarshe jirgin da ya sami karɓuwa wajen jama'a shi ne Moth na kamfanin de Havilland, wanda ya fito a 1925 da inji mai ƙarfin doki 60.

Sai a kwatanta da baburan acaba da ke kan titunan ƙasar nan. Injinsu cc 100 zuwa 125 ne, ƙarfinsa bai wuce doki 8 zuwa 11 ba, shi ma yana sabo. Wanda ya ɗora mutum da ƙarfen walda da kwano a kan wannan ƙarfi, ya ɗora wa jaki kayan raƙumi.

WANDA YA YI AIKIN YADDA YA KAMATA

A birnin Shikago na Amurka, a shekarar 1926, Ed Heath ya fito da wani ƙaramin jirgi mai ɗaukar mutum ɗaya da ake kira Parasol. Yakan sayar da zanen jirgin da kayan haɗinsa, mutum ya saya kaɗan-kaɗan gwargwadon ƙarfinsa ya haɗa a gida. Injin da ya zaɓa na babur ne ƙirar Henderson, mai silinda huɗu, wanda ke ba da ƙarfin doki kusan 25. Abin lura shi ne Heath bai ciro injin daga babur ya ɗaura hakanan ba. Ya cire giya da kuloci, ya ƙara sandar da za ta riƙe farfela tare da boris na musamman, ya kuma gyara yadda baƙin mai ke zagayawa. Jirgin kansa bai wuce kilo 120 ba idan ba kowa a ciki, domin da bututun ƙarfe marar kauri da katako da yadi aka yi shi.

GYARE-GYAREN DA BA MAKAWA

Na farko shi ne saurin juyawa. Injin babur na zamani ba ya ba da cikakken ƙarfinsa sai ya kai juyi 7,000 ko fiye a minti ɗaya. Farfela kuwa ba ta son wannan gudu. Ga lissafin. Farfela mai tsawon mita ɗaya da rabi, bakinta yana zagaya mita 4.7 a kowane juyi. Idan ta yi juyi 7,000 a minti, bakin nata yana gudun mita 550 a daƙiƙa ɗaya, alhali ƙara kanta, watau sauti, mita 340 take yi. Farfela idan ta kusanci gudun sauti sai ta daina cizon iska, ta koma ihu kawai, kuma tana iya tarwatsewa. Maganin abin shi ne a sa na'urar rage gudu tsakanin inji da farfela, ko ta sarƙa da faifai biyu masu haƙora irin na ƙafar babur ta baya, ko ta bel, ko ta giya. Idan inji ya juya sau biyu da rabi farfela ta juya sau ɗaya, juyi 7,000 ya koma 2,800, bakin farfela kuma ya sauko mita 220 a daƙiƙa.

Na biyu shi ne ja. Ƙarfen da ke juyawa a cikin injin babur an yi shi ne domin ya murɗa sarƙa. Farfela kuwa jan sa take yi gaba da dukan ƙarfin da ke tafiyar da jirgin, kuma duk sa'ad da jirgi ya karkata sai ta lanƙwasa shi. Idan ba a sa boris mai ɗaukar wannan ja ba, ƙarfen zai cinye mazauninsa ko ya tsage.

Na uku shi ne girgizar da ido ba ya gani. Inji mai silinda ɗaya ko biyu ba ya juyawa sumul, bugu-bugu yake yi, kowace fashewar mai da nata naushi. A kan babur taya da sarƙa da kuloci suna shanye wannan naushi. Farfela kuwa tana da nauyin juyi, ba ta son a hanzarta ta ko a tsayar da ita farat ɗaya, saboda haka sandar da ke tsakaninsu takan riƙa murɗewa tana warwarewa sau dubbai a minti. Wannan ne ke karya haƙoran giya da tsinka bel, sau da yawa bayan inji ya yi awoyi yana aiki lafiya lau. Shi ya sa masu wannan aiki suke sa roba mai shanye bugu ko wani irin kuloci a tsakani.

Na huɗu shi ne zafi. Ɗan acaba yakan murɗa totur ya saki, ya tsaya ya ɗauki fasinja, ya gangara tudu, injin na samun hutu. Injin jirgi ba shi da wannan gata. Wajen tashi ana ba shi wuta gaba ɗaya na tsawon mintoci, a daidai lokacin da jirgin ke tafiya a hankali iskar sanyaya shi ba ta da yawa. Bayan an daidaita a sama kuma yana ci gaba da aiki da kashi 65 zuwa 75 cikin 100 na ƙarfinsa har a sauka. Kowane bakanike ya san abin da zai faru da babur ɗin da aka ɗora wa buhu uku aka hau tudu da shi awa biyu ba sassauci. Injin zai buga. Dole a yi wa iska hanya da faranti ta bi ta kan kowace silinda, a ƙara na'urar sanyaya baƙin mai, a kuma sa agogon da ke nuna zafi a gaban matuƙi.

Na biyar shi ne wuta. Injin jirgi na ainihi filogi biyu gare shi a kowace silinda, kowanne da hanyar wutarsa daban, domin idan ɗaya ta mutu ɗayar ta riƙe. Yawancin babura filogi ɗaya ne da kwayil ɗaya. Waya ɗaya ta kwance, shi ke nan. Kazalika kowane noti mai muhimmanci a jirgi akan huda shi a ɗaure da waya domin kada girgiza ta kwance shi.

Na shida shi ne mai da iska. Abin mamaki, ƙanƙara tana iya taruwa a maƙogwaron kafireta ko da ana zafi, muddin akwai laima a iska kamar lokacin damina, domin fetur idan yana zama tururi yana sanyaya wurin ƙwarai. Ƙanƙarar ta toshe hanya, inji ya shaƙe. Jiragen ainihi suna da hanyar turo iska mai ɗumi daga jikin salansa domin narkar da ita. Sai kuma batun tsabtar mai. Fetur ɗin galan na bakin titi, wanda ba a san ko an garwaya shi da kananzir ko ruwa ba, babur yakan yi tari ya wuce da shi. A jirgi wannan tari yana iya zama ajali.

Na bakwai ya shafi ƙasar nan musamman. Inji yana rasa kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane hawan ƙafa 1,000, saboda iska tana raguwa da kauri. Zafi ma haka yake sirantar da ita. Kano tana kan tudun da ya kai kusan ƙafa 1,500 daga teku. A ranar bazara da zafi ya kai awo 40, injin da ke ƙasa a Kano yana numfashi kamar wanda ke ƙafa 5,000, watau ya yi asarar kusan kashi 15 cikin 100 tun bai motsa ba. Fiffike da farfela su ma ƙarfinsu yana raguwa. A Jos abin ya fi haka. Ga kuma ƙurar hunturu mai cinye fistin da ringi.

LABARIN ƘUMAR SAMA

Ko an gama da inji, da sauran aiki. Labarin Henri Mignet na Faransa ya isa misali. A shekarar 1933 ya tashi da wani ɗan ƙaramin jirgi da ya ƙera da hannunsa, wanda Turawan Ingila suka laƙaba wa suna Ƙumar Sama. Injinsa na babur ne mai ƙarfin doki 17, da sarƙar rage gudu. A 1934 ya buga littafi ya bayyana yadda ake ƙera shi dalla-dalla, yana mai cewa duk wanda ya iya haɗa akwatin katako zai iya haɗa jirgi. Littafin ya sami kasuwa, aka fassara shi da Turanci, ɗaruruwan mutane suka duƙufa a gidajensu da garejinsu.

Ba a jima ba sai mutuwa ta fara. Haɗarin farko da ya ci rai ya auku ne a Aljeriya a shekarar 1935, wasu suka biyo baya a Faransa da Ingila. Duk iri ɗaya ne: jirgi ya sunkuyar da kai, matuƙi ya ja sanda, jirgin ya ƙi ɗagowa har ya caki ƙasa. A 1936 hukumomin ƙasashen biyu suka sa jirgin a cikin wani babban ɗakin gwaji da ake hura iska, suka gano cewa laifin na tsarin fukafukan ne. Fiffiken gaba da na baya sun yi kusa ainun, ta yadda idan kan jirgin ya sunkuya ya wuce wani mizani, iskar da ke fitowa daga na gaba sai ta ƙara ɗaga na baya. Aka hana tashi da shi. Mignet ya gyara tsarin daga baya, kuma jiragen da aka yi bisa gyararren zanen sun tashi lafiya. Amma waɗanda suka mutu sun riga sun mutu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

YADDA AKE YI A YAU

Har gobe ana ƙera jirage a gida a Amurka da Turai. Akwai ƙungiyar masu wannan sha'awa da aka kafa a Amurka a 1953, wadda ke taro kowace shekara a garin Oshkosh. Wasunsu suna amfani da injin manyan baburan BMW na Jamus, mai silinda biyu kwance hagu da dama, domin yanayinsa ya dace da hancin jirgi, kuma iska na samun kowace silinda. Wasu suna gyara injin Volkswagen ƙirar ƙwaro. Amma mafi yawan masu ƙananan jirage sun koma ga injinan da aka yi domin jirgi tun asali, irin su Rotax 912 na ƙasar Ostiriya, wanda ya fito a 1989 da ƙarfin doki 80, da giyar rage gudu a jikinsa, da filogi bibbiyu.

Doka kuma tana biye da su. A Amurka ba a yarda jirgin da aka haɗa a gida ya tashi ba sai jami'i ya duba shi. Bisa tsarin da aka daɗe ana bi, idan injinsa ba tantancaccen injin jirgi ba ne, sai ya yi awa 40 yana gwaji a wani keɓaɓɓen yanki, ba tare da ɗaukar fasinja ba. Duk da wannan tsantseni, binciken da hukumar binciken haɗurra ta ƙasar ta fitar a 2012 ya nuna cewa mutuwar inji ita ce kan gaba cikin musabbabin haɗarin irin waɗannan jirage, kuma da yawa daga cikin haɗurran a farkon tashin jirgin suke aukuwa.

Nijeriya ma ta taɓa cin moriyar wannan fanni. Jirgin nan Air Beetle da aka harhaɗa guda 60 a Kaduna domin koyar da matuƙan sojan sama, asalinsa zanen wani Ba'amurke ne mai suna Richard VanGrunsven, wanda ya tsara shi domin masu haɗa jirgi a gida. Injiniyoyi sun ɗauki zanen da aka riga aka jarraba, suka sa masa injin jirgi na ainihi, suka yi gwaji kafin su miƙa shi.

SHAWARA GA MASU SHA'AWA

Saurayin da ke da wannan baiwa bai cancanci dariya ba, kuma bai kamata a zuga shi ya hau abin da ba a auna ba. Hanyar da masana suka bi a buɗe take. Ya fara da ƙaramin jirgi marar matuƙi wanda ake sarrafawa daga ƙasa, domin idan ya faɗi katako da kuɗi kawai aka yi asara. Idan zai yi babba, ya nemi zanen da wasu suka riga suka tashi da shi, ya bi awonsa ba ƙari ba ragi. Ya ɗaure injin a kan gindi mai ƙarfi a ƙasa, ya ba shi wuta awoyi masu yawa, ya auna jan farfelar da sikeli, ya rubuta zafi da juyi da man da ya sha, sa'annan ya kwance shi ya duba abin da ya ci. Ya nisanta yara da 'yan kallo daga farfela, domin idan tana juyawa ba a ganinta, kuma ba ta san hannu ba. Ya auna nauyin jirgin ya san inda ma'auninsa ya tsaya. Ya koyi tuƙi a hannun malami, ga Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama nan a Zariya tun 1964. Sa'annan ya sani cewa sararin sama yana da hukuma, kuma ba a tashi da jirgi a ƙasar nan sai da izinin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa.

Iyaye da masu unguwanni da shugabannin makanikai su ma suna da nasu nauyin. Idan suka ga yaro ya kama wannan hanya, su haɗa shi da malaman injiniya na kwalejin fasaha ko jami'a mafi kusa, su kuma hana shi gwaji a cikin gari ko kusa da kasuwa da makaranta. Curtiss da Anzani da Heath duk daga shagon keke ko babur ko ƙaramin gareji suka fito, kuma abin da ya kai su inda suka kai shi ne awo da gwaji da haƙurin sake gwaji. Sannu ba ta hana zuwa.